Baje kolin wuƙaƙe a Alabar: abin da na gani da abin da na kashe

A cikin lungunan Alabar, ɓangaren da ke gangarawa zuwa babbar kasuwar Kumasi, akwai wani shago da ba shi da allo a ƙofa. Mahautan Mayanka sun san shi, masu tsire na Aboabo da Asawase sun san shi, mu ma da muke tara wuƙaƙe don sha'awa mun san shi. Mai shagon dattijo ne, kowa Alhaji yake ce masa, kuma ba ya sayar da komai sai wuƙa da abin da ya danganci wuƙa: dutsen wasawa, magagari, kube, adda. Duk shekara, ranar Asabar ta ƙarshe kafin Babbar Sallah, yakan fito da tebura ƙofar shagon, ya kafa rumfar tamfol, ya gayyato maƙera daga unguwar Suame da wani baduku da mai wasa wuƙa, sannan ya bar tebur ɗaya ga masu tarawa su baje nasu, mai sayarwa ya sayar, mai musaya ya yi musaya. Wannan shi ne baje kolinmu. Ba a biyan kuɗin shiga.

Ni aikin wayarin ɗin lantarki nake yi, amma gidan fawa na tashi. Mahaifina mahauci ne har ya rasu, kuma tun bayansa ni nake yanka wa gidanmu da maƙwabta ranar Layya. A gefe guda ina da 'yar akwati da nake tara wuƙaƙen aljihu masu ninkewa. Saboda haka idan na je wurin Alhaji buƙata biyu nake ɗauke da su, ta aiki da ta ido, kuma ta idon ce ke cinye kuɗin mutane.

Wuri ne da ya cancanci a je. Kayan Alhaji na ƙwarai ne, bakinsa ɗaya, maƙeran da yake kawowa sun iya aikinsu. Amma rumfar nan an shirya ta ne yadda mutum zai kashe fiye da abin da ya yi niyya, ko da kuwa ba wanda ya cuce shi. Wanda bai gama lissafinsa tun daga gida ba, a can ba zai iya yi ba.

Lissafina yana farawa ne bayan an gama da manya. Sai an biya rago, an karɓo ɗinkin yara daga wurin tela, an ba uwargida kuɗin cefanen Sallah, sannan nake duba abin da ya rage daga adashin da muke zubawa da abokan aiki. Bana sidi 900 na ware. Na raba su huɗu, kowanne a ambulan ɗinsa: 450 na wuƙar aiki, domin wuƙar fiɗar mahaifina ta sha dutse har ta siranta, 150 na wasawa da kube, 60 na mota da abinci, 240 na abin da ido ya gani ya so. Na huɗun nan ba na jin kunyarsa. Mutumin da ke son wuƙa idan ya ce zai shiga wurin nan ya fito bai sayi komai na sha'awa ba, ƙarshenta kuɗin aikin zai taɓa. Gara a ba sha'awar kasonta tun farko, a sa mata iyaka.

Kuɗin kuma a takarda nake zuwa da su, in kwashe abin da ke cikin MoMo ɗina, wato asusun kuɗi na waya, in tura wa uwargida kafin in fita. Wannan shi ne abin da na fi so mai karatu ya ɗauka. Kowane tebur a rumfar Alhaji akwai lambar waya a rubuce a kwali. Lokacin da aka kawo harajin tura kuɗi ta waya, E-Levy, a watan Mayun 2022, kashi 1.5 cikin ɗari, daga baya aka mai da shi kashi 1, mutane sukan ɗan yi jinkiri kafin su tura kuɗi, ko don haushin harajin. Da aka soke shi a watan Afrilun 2025 wannan ɗan birkin ma ya tafi. Takardar sidi 200 idan za ka miƙa ta kana jin nauyinta a hannu, kana ganin ambulan ɗin ya rame. Ta waya kuwa lambobi huɗu kawai za ka danna, sai ka isa gida saƙon ragowar kuɗi ya tsaya maka a rai. Na ga mutane masu hankali, magidanta, sun tura sau uku sau huɗu a tsaye a wuri ɗaya.

Wani abin da ke rikita baƙo shi ne ƙidaya. Tun 2007 aka sauya kuɗin Ghana, aka cire sifili huɗu, sidi 10,000 na da ya koma sidi 1. Amma dattawan rumfar nan har yau da tsohon kuɗi suke magana. Idan maƙeri ya ce maka miliyan ɗaya da rabi, sidi 150 yake nufi. Alhaji da sabon kuɗi yake faɗa wa matasa, da tsoho yake faɗa wa tsaransa. Kafin ka taya, ka tabbatar da wane kuɗi ake magana.

Da na isa ban fito da ambulan ko ɗaya ba sai da na zagaya teburan duka. Teburin Alhaji shi ne na farko, kuma nan kayan waje suke. Akwai Victorinox na Suwizalan, kamfanin da Karl Elsener ya kafa a garin Ibach a 1884, waɗanda aka fi sani da 'yar jar wuƙar aljihu mai almakashi da mabuɗin gwangwani, amma wuƙaƙensu na mahauta masu baƙin mariƙin roba su ne abin nema a nan. Akwai Tramontina na Barazil, masu sauƙin kuɗi, da su yawancin masu tsire ke aiki. Akwai Okapi, akwai Opinel, a ƙasan tebur kuma addunan Crocodile a ɗaure da igiya.

Abin da ya sa nake komawa wurin dattijon nan shi ne, ba ya bari ka sayi jabu a matsayin na asali. Yana sayar da jabun ma, amma a kwando dabam, kuma zai gaya maka. Na ɗauki wata wuƙar fiɗa ta Victorinox, mai lanƙwasasshen baki, na ce, “Alhaji, wannan fa?”

Ya ce, “Ta asali ce, ɗana. Duba rubutun, duba inda robar ta haɗu da ƙarfe, ba tazara. Ɗauko waccan ta kwando ka haɗa su.”

Na haɗa su. Ta kwandon ta fi sauƙi a hannu, rubutunta a sama yake kamar an buga da tawada, kuma idan ka matsa bakinta a gefen tebur tana lanƙwasa ta ƙi komawa daidai. Ta asalin ya ce sidi 520, ƙarshensa 470. Na ce masa dala ai ta sauko, a watan Mayun 2025 kowa ya gani, daga sama da sidi 15 ta dawo kusan sidi 10, ya kamata kayan waje su bi ta. Ya ce kayan da ke kan teburin ya saro su ne lokacin da dala ke sama, idan sabon kaya ya iso zai rage. Na yarda da shi, domin ban taɓa kama shi da ƙarya ba, amma a ganina ya kamata a raba asarar, kada a ɗora ta duka a kan mai saye. Lokacin da tsadar kaya ta haura kashi 54 cikin ɗari a ƙarshen 2022, farashi bai jira sabon kaya ya iso ba kafin ya tashi. Wannan na faɗa masa a gabansa, ya yi murmushi ya ce Allah ya kawo sauƙi. Na ajiye wuƙar na wuce.

Teburin maƙera shi ne zuciyar wurin, kuma nan na fi daɗewa. Mutum uku ne suka zo bana, dukansu daga ɓangaren Suame Magazine, inda ƙarfen tsofaffin motoci ba ya yankewa. Da sifirin ɗin mota suke ƙera wuƙa, musamman na manyan motoci, domin ƙarfe ne da aka yi shi ya lanƙwasa ya dawo, yana riƙe kaifi, ba ya karyewa da sauƙi. Amma ƙarfe mai kyau ba shi ne wuƙa mai kyau ba. Sirrin yana wurin wuta. Bayan an ƙera ta, sai a mai da ita cikin gawayi ta yi ja, a tsoma ta a mai ta yi tauri, sannan a sake ɗumama ta a hankali har bakinta ya ɗauki launin busasshiyar ciyawa. Maƙerin da ya tsallake wannan ɗumamawa ta biyu, wuƙarsa za ta yi kaifi ranar farko, ta haɗu da ƙashi bakinta ya ɓantare. Wanda kuma ya wuce da ita, sai ta yi laushi, kafin ka feɗe rago ɗaya ta dakushe.

Babban cikinsu tsoho ne mai furfura, ya san mahaifina. Na durƙusa na gaishe shi, ya tambayi mutanen gida ɗaya bayan ɗaya, ya yi wa marigayi addu'a. Sannan na ce, “Baba, wuƙar fiɗa nake nema.”

Ya ce, “Ta rago ko ta sa?”

Na ce, “Raguna ne, amma wani lokaci maƙwabta sukan haɗa kuɗi su sayi sa.”

Bai ba ni wadda na nuna ba. Ya laluba ƙasan buhunsa ya fito da wata gajera mai faɗin ciki, tsininta ya ɗaga sama don kada ya huda fata ko tumbi. Mariƙinta na katako ne, an kama shi da ƙusoshin tagulla uku, kuma ƙarfen ya ratsa har ƙarshen mariƙin, kana ganinsa ta gefe. Ya miƙo mini magagari ya ce in gwada da kaina. Na goga a bakinta kusa da mariƙi, magagarin ya zame bai ci ba. Na goga a tsakiya, haka. Na goga kusa da tsini, haka. Na juya bayanta na goga, nan ya ɗan ci. Ya ce da gangan ya bar bayan da laushi don ta jure bugu. Na ɗaga ta saitin haske na bi bayanta da ido, a miƙe take sak.

Wannan gwajin na magagari a wurare uku kada wanda ya bari ya wuce shi. A teburin ɗaya daga cikin matasan maƙeran na gwada wata mai kyan gani, tsakiyarta da tauri, amma kusa da tsini magagari ya kama ta. Wutar ba ta kai ko'ina daidai ba ke nan. Na nuna masa a hankali, bai yi musu ba, ya mai da ita buhu. Wannan ita ce matsalar aikin hannu: wuƙa biyu daga maƙera ɗaya, rana ɗaya, ba lalle su zama ɗaya ba. Ta kamfani duk wadda ka ɗauka irin 'yar'uwarta ce, kuɗin wannan tabbacin kake biya. Ta maƙeri kuwa sai ka iya dubawa, in ba ka iya ba ka zo da wanda ya iya.

Baba ya ce miliyan ɗaya da rabi. Na taya sidi 120, ya ce albarka. Na ƙara 20, ya ce, “Don mahaifinka, na sallama.” Ban ja ba. Mutumin da ya yini gaban zuga-zugi bai kamata a matse shi a kan sidi 10 ba, alhali mu ɗin nan muna biyan kayan waje ninki uku ba mu ce uffan ba. Aibinta ɗaya, baƙin ƙarfe ne, yana tsatsa. Idan ka gama aiki ka wanke, ka goge ta bushe, ka shafa mata mai, in ba haka ba da damunar Kumasi kwana biyu ya isa ta yi ja. Wanda ya san ba zai iya wannan hidimar ba, gara ya ƙara kuɗi ya ɗauki ta Alhaji wadda ba ta tsatsa.

To, a nan ne ake faɗawa rami. Na ware 450, na biya 140, sidi 310 sun rage a ambulan ɗin aiki. Zuciya za ta ce maka riba ka ci, ka ƙara su a kan kuɗin ido. Ƙa'idata ita ce rarar ambulan ba ta ƙaura zuwa wani ambulan. Na ninke shi na sa a aljihun ciki na ja zif. Kuɗin da ban kashe ba na gida ne, kuma bayan Sallah akwai kuɗin makarantar yara yana jira.

Teburin masu tarawa ƙarami ne, amma a nan ake cincirindo. Ɗan yayata da ke zaune a Amurka ya taɓa turo mini bidiyon Blade Show da ake yi a Atlanta duk watan Yuni, inda ake jefa ƙuri'a kafin a samu damar sayen wuƙar wani shahararren maƙeri, kuma wuƙa ɗaya takan kai dubban daloli. Namu bai kai ko kusa ba, amma zazzaɓin iri ɗaya ne. Da wani ya ɗauki wuƙa yana juya ta, sai mutum uku su ji su ma ita suke so.

Abin da ya ja hankalin kowa bana tsohuwar Okapi ce ta wani malamin makaranta daga Sabon Zango. Okapi an fara ƙera ta ne a Solingen ta Jamus a 1902 don kasuwannin Afirka, sai a 1988 aikin ya koma Afirka ta Kudu. Saboda haka duk wadda aka buga mata sunan Jamus a jiki ta haura shekara talatin, kuma masu tarawa suna nemanta. Wannan ɗin mai zobe ce a baya, wanda ake ja kafin ta ninke, da adon wata da taurari a mariƙinta, kuma idan ka buɗe ta tana yin ƙarar nan tata ta ƙas-ƙas-ƙas ba tare da ta yi sako-sako ba. Irinta kakanninmu suke sawa a aljihun 'yar shara su yanka goro. Sidi 600 ya ce. Na riƙe ta na daɗe. Ba na cewa ta yi tsada, domin ba a ƙara yin irinta. Amma 240 ke ambulan ɗin ido, kuma abin da na zo da shi ke nan.

Kusa da ita akwai Douk-Douk ta Faransa, wadda gidan Cognet na garin Thiers ke yi tun 1929, siririya, mariƙinta fallen ƙarfe ne da aka ninke. Mai ita yana da nau'in da ake kira El Baraka, wanda aka cire masa hoton dodon da ke jikin ta asali aka sa tambarin Agadas don kasuwar Musulmi ta arewacin Afirka. Ya ce ba ta sayarwa ba ce, nunawa ya zo yi. Na ji daɗin haka ƙwarai. Rabin amfanin wurin nan shi ne ka riƙe abin da kake jin labarinsa kawai, ka tambaya, a ba ka amsa, ba ka biya ko fesuwa ɗaya ba.

Abin da na saya shi ne Opinel mai lamba 8, ta hannu, baƙin ƙarfe, mariƙin katako da ya yi duhu saboda riƙo. Wuƙar manoman Savoie ce a Faransa, Joseph Opinel ya fara yin ta a 1890, zoben da ake murɗawa ya kulle ta kuma a 1955 aka ƙara shi. Ba ta da wani ado, amma bakinta siriri ne, ba abin da ya fi ta daɗin ɓare lemu ko yanka kilishi. Mai ita ya ce 260, muka tsaya a 220. Katakonta yana kumbura da laima ta yi wuyar buɗewa, ya gaya mini tun kafin in biya, ya nuna mini yadda ake ƙwanƙwasa gindinta a tebur bakin ya leƙo.

Ina nan tsaye wani saurayi mai tuƙa firagiya, wato keken haya mai ƙafa uku, ya sayi wata doguwar wuƙa mai zanen igiyar ruwa a jiki, wadda wani dillali ya ce masa ƙarfen Damaskas ce, sidi 700, ta waya. Damaskas na gaskiya fallayen ƙarfe iri biyu ne da aka haɗa a wuta aka yi ta ninkewa, saboda haka zanen yana ratsa jikin duka, idan ka duba bayan wuƙar za ka ga layukan. Wannan ɗin bayanta sumul yake, a fuska kawai aka zana. Dillalin ba na Alhaji ba ne, raɓewa ya yi a bakin rumfa da jakarsa. Da maganar ta kai kunnen Alhaji ya taso da kansa, ya sa aka mayar wa yaron kuɗinsa, ya ce wa dillalin kada ya sake tsayawa a ƙofarsa. Na yaba masa. Amma da yaron ya riga ya hau kekensa ya tafi, shi ke nan, kuɗin mako guda ya tafi. Ya kamata tun safe a sa wani ya tsare bakin rumfar.

Kwandon arahar nan ma yana buƙatar magana, domin a ganina ya fi manyan wuƙaƙe cin kuɗin jama'a. Sidi 25, sidi 30, sidi 40, masu ƙyalli, masu maɓallin da ake dannawa su fito. Wuƙar sidi 500 mutum yakan yi tunani, ya je ya dawo, ya yi shawara. Ta sidi 30 kuwa ba wanda ke tunani. Sai ka ga mutum ya ɗauki biyar, ya ce ɗaya ta mota, ɗaya ta shago, ɗaya ta ƙanensa. Kuɗin biyar ɗin nan ya sayi wuƙar Baba maƙeri har da canji, kuma kafin Sallah ta zagayo babu ɗaya a cikinsu da za ta rage da ƙusarta. Araha ba ta ado. Alhaji yana faɗa wa kowa cewa na kwando ba na aiki ba ne, amma a bakin hanya ya ajiye kwandon, inda hannu ke fara kaiwa.

Mai wasa wuƙa kuwa, shi kaɗai ya isa dalilin zuwa. Ba da injin da ke tartsatsi yake yi ba, wanda ke ƙona bakin wuƙa ya kashe taurinta. Duwatsu biyu gare shi da kwanon ruwa, mai kaushi da mai laushi, sai ɗan guntun fata da yake ƙarasawa a kai. Na ba shi barhon mahaifina da muke yanka da shi, da wuƙar sara, da sabuwar ta fiɗa, sidi 15 kowacce. Bai yi musu baki iri ɗaya ba: barhon ya kwantar da shi sosai a kan dutse ya fitar da kaifi siriri, ta saran ya ɗaga ta don bakinta ya yi kauri ya jure ƙashi. Da ya gama ya aske gashin hannunsa da barhon ya nuna mini. Wannan ba ƙawa ba ce a wurinmu. Hadisi ne a Sahihu Muslim cewa mai yanka ya wasa wuƙarsa ya hutar da abin yankansa. Wanda kuɗinsa bai kai na sabuwar wuƙa ba, ya kawo tsohuwar a wasa masa, ya sauke abin da ke kansa da sidi 15. Layin ne dai dogo. Wanda ya zo bayan azahar zai kai la'asar yana jira, don haka ka fara miƙa wuƙaƙenka da ka iso, sannan ka shiga zagaye.

Badukun ya auna wuƙar fiɗar ya ɗinka mata kube na jar fata a gabana, sidi 80, da wani siririn yanki na fata a tsakanin ɗinkin don kada kaifi ya yanke zare. Aiki mai tsabta.

Akwai abubuwan da ban ji daɗinsu ba. Babu farashi a rubuce a kan komai, saboda haka baƙo da ɗan gari ba kuɗi ɗaya suke ji ba, musamman a teburin masu tarawa. Babu rasit. Rumfar ta yi kaɗan, ana turereniya a wurin da kowa ke riƙe da kaifi tsirara, ga yara suna kutsawa tsakanin ƙafafu. Na ga an sallami mutane da wuƙa naɗe a takardar jarida kawai, su shiga tirotiro, wato motar haya, da ita a leda. Ban da haɗarin yanka wani, dokar laifuffuka ta Ghana ta 1960 ta hana yawo da makami a bainar jama'a ba tare da dalili karɓaɓɓe ba, kuma ɗan takardar shaidar saye da kube mai kyau za su sauƙaƙa wa mutum bayani idan an tsayar da shi a hanya. Sai kuma bashi. Alhaji mutum ne mai sauƙin kai, idan ya san gidanku zai ce ɗauki, bayan Sallah ka kawo. Ga mahaucin da zai yi aiki da wuƙar ya fitar da kuɗinta a kwana uku, taimako ne. Ga mai tarawa kuwa wannan alherin shi ke rushe duk lissafin da aka yi a gida. Ya ce mini in ɗauki Victorinox ɗin a haka, na yi godiya na ce sai baɗi in Allah ya kai mu.

Abin da ya fita daga hannuna duka sidi 535 ne: 140 wuƙar fiɗa, 220 Opinel, 45 wasawa, 80 kube, 50 mota da waken da na ci a bakin titi. Na koma gida da 365. Ranar Layya na feɗe raguna huɗu da wuƙar Baba, ban mai da ita kan dutse ba, sai dai in ɗan goga ta a fata tsakanin rago da rago, kuma ba ta huda fata ko ɗaya ba. Washegari da aka yanka san maƙwabta, a nan ta nuna gajartarta, sai da na haɗa da ta wani. Ga mai raguna ta isa har ta yi yawa. Mai aikin shanu kullum ya nemi wadda ta fi ta tsawo.

Wanda yankan gida kawai zai yi, sidi 250 sun ishe shi wuƙar maƙeri da kube da wasawa. Mahauci ko mai tsire da ke aiki cikin ruwa da gishiri kullum, ya shirya 500 ya ɗauki wadda ba ta tsatsa a teburin Alhaji. Mai tarawa kuma ya zo da abin musaya, domin a teburin nan wuƙa ta fi kuɗi buɗe baki. Malamin Sabon Zango ya ce Buck 110 yake nema, ta Amurka mai tagulla a kai da gindi, kuma ina da ɗaya a akwati wadda nauyinta ya hana ni sa ta a aljihu. Mun yi da shi zan kai masa ita ya duba bayan sallar Juma'a, in ta yi masa ya ba ni Okapin, wanda tasa ta gaza ya cika da kuɗi.